Guguwa Ta Rushe Tarko, Amma Tarkon Ya Kama

Auwal: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da war haka. Daga Jos muke, a zauren Kawu Isa da ke Anguwar Rogo. In kun ji ƙarar kofi ku yi mana uzuri, sanyin yau ba ya barin mutum ya zauna babu shayi. Ni ne Auwal, ga ƙanwata Bilkisu, ga kuma mai gidan da kansa.

Kawu Isa: Wa alaikumus salam. Ni na ce a zo nan a yi shirin, domin a kan wannan tabarmar kuka yi rigima ranar Asabar, ina zaune ina kallo, kuma har yau ban san abin da ya haɗa ku ba. Wa da ƙanwa, a kan 'yar takarda, har shayi ya huce.

Bilkisu: Ku yi haƙuri, Kawu. Amma yau za ku ji, kuma ku za ku yanke hukunci.

Kawu Isa: To a fara daga tushe. Ni karta na sani, wot na sani, dara na sani. Wannan naku mai hotunan dodanni mene ne?

Auwal: Sunansa Yu-Gi-Oh. Asalinsa labarin zane ne da wani ɗan Japan, Kazuki Takahashi, ya fara fitarwa a 1996. A cikin labarin yara suna buga wani wasan kati, masu karatu suka nuna suna son irinsa a hannu, sai kamfanin Konami ya fitar da katunan a Japan a 1999, suka isa Amurka a 2002. Shi Takahashi ya rasu a 2022. Mu nan a talabijin muka fara ganinsa muna yara, kafin mu taɓa riƙe katin gaske.

Bilkisu: Bambancinsa da wot, Kawu, shi ne wot kwali ɗaya ne, kati 54, kowa daga ciki ake raba masa. A nan kowa da nasa tulin yake zuwa, wanda ya haɗa da hannunsa, daga kati 40 zuwa 60, kuma ba a sa kati iri ɗaya fiye da 3. Kowa yana farawa da maki 8000 da kati 5 a hannu. Wanda makinsa ya ƙare, an cinye shi.

Kawu Isa: Katunan duka nawa ne a duniya?

Bilkisu: Iri daban-daban sun haura 10,000, kuma kullum ƙaruwa suke.

Kawu Isa: To wa zai haddace wannan?

Bilkisu: Babu. Shi ya sa aka raba su gida-gida. Manyan gidaje uku ne. Akwai katin dodo, shi ne mai faɗa. Akwai koren kati, wanda mu muke ce wa katin dabo. Akwai kuma mai ruwan hoda ja-ja, katin tarko. Ko ba ka taɓa ganin kati ba, launinsa kaɗai zai gaya maka inda ake ajiye shi da lokacin da yake da bakin magana.

Kawu Isa: Dabo? Auwal, ka san ba na son irin waɗannan sunaye a gidana.

Auwal: Na sani, Kawu, kuma ba na raina wannan damuwa. Sunaye ne na tatsuniya, kamar yadda Gwaggo take ba mu labarin Dodo da Gizo. Abin da ke jikin katin umarni ne kawai: ɗauki kati biyu, cire kati ɗaya daga fili, ƙara wa wane ƙarfi 500. Lissafi ne da dabara.

Kawu Isa: Za mu dawo kan wannan, don ina da wata tambaya da ta fi ta nauyi. Ba ni labarin Asabar tukuna.

Auwal: Ina da dodanni uku a fili, duka a tsaye, wato a shirin hari. Cikinsu har da Blue-Eyes White Dragon, farin dodon nan mai ƙarfin hari 3000. Shi taurari 8 gare shi, sai da na ba da ƙananan dodanni biyu kafin na sauke shi, don doka ta ce mai taurari 5 ko 6 ana fansarsa da ɗaya, mai 7 zuwa sama da biyu. Na sha wahala a kansa. Bilkisu kuwa makinta ya kusa ƙarewa, ba ta da dodo ko ɗaya, sai kati guda a kife a bayan fili.

Bilkisu: Tarko dole sai an kife shi tukuna, kuma ba a buɗe shi a zagayen da aka kife shi. Na kife tun zagayena, ina jira.

Auwal: Na ce na kawo hari. Sai ta buɗe, ashe Mirror Force ne. Aikinsa: in abokin karawarka ya furta hari, duk dodanninsa da ke tsaye a rushe su. Ni kuma ina riƙe da Mystical Space Typhoon, wanda muke ce wa Guguwa. Aikinsa ya rushe katin dabo ko tarko ɗaya da ke fili. Na jefa shi a kan tarkonta, na ce shi ke nan, tarko ya mutu, hari ya wuce.

Kawu Isa: To ai a ganina kana da gaskiya. An kafa tarko, an zo an tumɓuke shi. Me ya rage?

Bilkisu: Nan ne kowa yake faɗawa, Kawu. Bari in tambaye ku, ku da kuka yi shekaru kuna lodin dankali a Farin Gada. In aka loda buhuna a mota, wanne ake fara saukewa?

Kawu Isa: Na ƙarshen hawa mana. Wanda ya fara shiga yana can ƙurya, sai an kwashe na bakin ƙofa.

Bilkisu: To haka wasan yake. In na buɗe kati, Yaya ya mayar da martani da nasa, an ƙulla abin da ake kira sarƙa. Nawa zobe na ɗaya, nasa zobe na biyu. Wajen zartarwa daga ƙarshe ake farowa. Saboda haka Guguwarsa ce ta fara aiki, ta rushe katina. Wannan ban musa ba.

Kawu Isa: Ka ji, ta amsa da bakinta.

Bilkisu: Ban gama ba, Kawu. Maharbi ya ɗana kibiya ya saki. Kibiya tana iska, sai wani ya zo ya karya bakan. Kibiyar za ta dawo?

Kawu Isa: Ina! Ta riga ta tafi.

Bilkisu: Mirror Force tarko ne na gama-gari, irin wanda ake amfani da shi sau ɗaya. Daga lokacin da na buɗe shi, kibiya ta bar baka. Ko an rushe katin ko ba a rushe ba, dama da zarar ya gama aiki maƙabarta za shi, wato gefen da ake tara katunan da aka rushe ko aka gama da su. Guguwa rushewa take yi, ba ta soke aiki. A wannan wasa kalmomin nan biyu ba ɗaya ba ne, kuma kowane kati yana faɗin wadda yake yi a jikinsa. Dodannin Yaya uku duka sun tafi.

Auwal: Ni abin da ya sa na kafe ranar, Kawu, ba taurin kai ba ne kawai. Sati biyu kafin nan na yi irin wannan da wani abokina a Bukuru, na jefa Guguwa a kan tarkonsa, kuma tarkon bai yi aiki ba. Shi da kansa ya yarda. Sai na ɗauka doka ce ta ko'ina.

Bilkisu: Wane tarko ne nasa?

Auwal: Call of the Haunted.

Bilkisu: Yauwa. Kawu, ga shi nan ina da shi, ku duba nan sama, ƙarƙashin suna, ta hannun dama. Kun ga wata 'yar alama kamar lamba 8 a kwance?

Kawu Isa: Miƙo tabarau na. E, na gan ta. Ƙarama ce ƙwarai.

Bilkisu: Ita ce ta raba shari'ar biyu. Alamar tana nufin tarko mai ɗorewa. Shi aikinsa ya ɗauko dodo daga maƙabarta ya dawo da shi fili, amma dole katin ya ci gaba da zama a buɗe. Kamar guga ne da igiya. Kana jan ruwa daga rijiya, wani ya zo ya yanke igiyar, guga ba zai iso baki ba. To in aka rushe mai ɗorewa kafin ya zartar, aikinsa ya faɗi. Mirror Force kuma ku duba, babu alama ko ɗaya a wurin.

Kawu Isa: Wato Guguwa ɗaya ce, abin da ta yi ɗaya ne, amma a nan ta yanke igiya, a can ta karya baka bayan kibiya ta tafi.

Auwal: Haka ne, Kawu. Ni karanta abin da kati yake yi na iya, ban tsaya na duba ko shi ɗan wane gida ne ba. Kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, da na jefa Guguwar tun kafin in furta hari, da na ci wasan. Mirror Force ba ya buɗuwa sai an furta hari. Da na rushe shi yana kife, ba ta da ikon tayar da shi. Katin da ya dace yana hannuna, lokacin ne na kuskure.

Kawu Isa: Ba a fafe gora ranar tafiya. To amma, 'yata, ashe babu abin da ke tare kibiyar kenan?

Bilkisu: Akwai, kuma shi ne gida na uku a cikin tarkuna: tarkon martani, mai alamar kibiya lanƙwasasshiya. Misali Seven Tools of the Bandit, ka biya maki 1000 ka soke tarkon da aka buɗe. Ko Solemn Judgment, wanda ake biyan rabin makin da mutum yake da shi. Su a jikinsu an rubuta soke ƙarara. Kuma ga inda abin yake ba ni sha'awa: an ba kowane kati matakin sauri. Dabo na gama-gari mataki na 1 ne, ba ya yi wa kowa martani, sai dai shi ya buɗe magana. Tarkuna da dabo mai alamar walƙiya, irin Guguwa, mataki na 2. Tarkon martani mataki na 3, kuma in ya yi magana babu mai amsa masa sai ɗan'uwansa tarkon martani.

Kawu Isa: Kamar zaman sulhu. Yaro ya kawo ƙara, manya su tattauna, in mai unguwa ya yi magana sai dai dagaci ya ɗora.

Bilkisu: Kusan haka, Kawu. Mai ƙaramin mataki ba ya katse mai babba.

Auwal: Koren katin ma ba iri ɗaya ba ne, gida shida ne. Na gama-gari, mai ɗorewa, mai walƙiya, wanda ake rataya wa dodo kamar makami, na fili wanda ke canza yanayin filin gaba ɗaya, da wani mai alamar harshen wuta da ake kiran wasu dodanni na musamman da shi. Amma gaskiya mai walƙiyar nan ne yake rikita sabon shiga. A zagayenka kana iya jefa shi daga hannu kai tsaye, ko ana tsakiyar faɗa. In kana so ka yi amfani da shi a zagayen abokin karawa, sai ka kife shi tukuna kamar tarko, ka jira.

Kawu Isa: Ni fa yanzu na fara ganin inda kuka fi mu. Mu a wot, kun san rigimar da ba ta ƙarewa? Na jefa 2, na ce ɗauki biyu. Kai kuma kana da 2, ka jefa ka ce ka tare, ni in ɗauki huɗu. A majalisarmu ta nan an yarda. Ka je Gangare, wata majalisa su ce ba a tarewa. Wasu 5 ɗauki uku ne, wasu ba su san wannan ba. Wasu su ce ba a gama wasa da 14, wasu su ce ana gamawa. Duk sanda baƙo ya zauna, sai an yi minti goma ana daidaita doka, kuma duk da haka a tsakiyar wasa sai wani ya tuno wata.

Bilkisu: Shi ma wot daga Ingila ya zo, tun 1935, amma waɗannan dokoki na ɗauki biyu da zuwa kasuwa kowane gari da yadda ya gyara su. Ba a rubuta su a jikin katin ba, lamba ce kawai da siffa. Ni abin da ya riƙe ni a namu wasan shi ne wannan. Ina buga shi a waya, a manhajar Master Duel da ta fito a 2022, da mutumin da ban san ƙasarsa ba, ban san harshensa ba, kuma ba za mu taɓa jayayya a kan ko Guguwa tana soke tarko ba.

Auwal: A nan na ɗan saɓa da ke, Bilkisu. Waya tana yanke hukunci, amma ba ta koyar da dalili. Yara da yawa sun iya danna maɓalli in ya yi haske, ka ba su katin takarda a hannu su rasa lokacin da za su buɗe. Ni ma rabin kuskurena daga nan ne.

Bilkisu: Wannan gaskiya ne, Yaya. Shi ya sa nake cewa a koyi karatun katin. Kawu, ga wani abu da zai ba ku mamaki. Kun tuna alamomin rubutu da ake koya mana a darasin Hausa, ruwa biyu da waƙafi mai ruwa?

Kawu Isa: Na tuna ruwa biyu, ɗigo sama ɗigo ƙasa.

Bilkisu: Daga 2011 kamfanin ya sake tsarin rubutun katunan Turanci, ya ba waɗannan alamomi aikin doka. Duk abin da ya zo kafin ruwa biyu, sharaɗi ne, wato yaushe ake iya tayar da katin. Abin da ya zo kafin waƙafi mai ruwa, shi ake yi nan take lokacin tayarwa, kamar biyan maki ko jefar da kati ko nuna wanda ake nufi. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin aikin, wanda ke jiran layinsa a sarƙa. Amfaninsa a fili yake: in ka biya kuɗin shiga, aka soke maka aikin, abin da ka biya ba ya dawowa. In kuma ka ga aikin dodo babu ruwa biyu babu waƙafi mai ruwa, to ba ya shiga sarƙa, yana nan ne kawai yana aiki muddin dodon yana fili a buɗe.

Auwal: Kamar Jinzo. Shi dodo ne mai taurari 6, ƙarfin hari 2400. Muddin yana fili a buɗe, babu mai buɗe tarko. Bai ambaci sunan kowane tarko ba, gidan gaba ɗaya ya rufe wa baki. Da shi ne a filina ranar Asabar, da Mirror Force bai ko motsa ba.

Bilkisu: A ajinmu na shari'a a jami'a ana nuna mana yadda waƙafi ɗaya ke canza ma'anar sashen doka. Wallahi a kan waɗannan katunan na fara jin abin a jikina, kafin in gan shi a littafi.

Kawu Isa: To su dodannin fa? Na ga wasu rawaya, wasu baƙi, wasu fari fat.

Auwal: Rawaya shi ne dodo na gama-gari, ba shi da wani aiki sai ƙarfinsa, irin Blue-Eyes. Mai ruwan lemo yana da aiki a rubuce. Shuɗi shi ne wanda ake kira da koren katin nan mai harshen wuta. Sauran kuma ba sa ma zama cikin babban tuli, suna da nasu ƙaramin tuli a gefe, wanda bai wuce kati 15 ba. Mai shunayya, haɗa dodanni ake yi a narka su su zama ɗaya, shi tsoho ne. Farin ya zo a 2008, ana tara taurarin dodanni ne su kai adadinsa. Baƙin ya zo a 2011. Mai shuɗi mai duhu da kibiyoyi a gefe ya zo a 2017.

Bilkisu: Tsaya a kan baƙin, Yaya, don shi ma yana da irin tarkon da ka faɗa. Kawu, ku dubi taurarin wannan rawayan, daga dama suka faro. Ku dubi na baƙin, daga hagu, kuma launinsu daban. Na farko ana ce musu mataki, na biyu muƙami. Ana samun baƙin ne in aka ɗora dodanni biyu masu mataki ɗaya a kan juna, misali masu 4 guda biyu su ba da mai muƙami 4. To akwai wani tsohon tarko mai ɗorewa, Gravity Bind, da ya ce duk dodo mai mataki 4 zuwa sama ba zai kai hari ba. Baƙin dodo mai taurari huɗu zai wuce ta gabansa ya kai harinsa, don shi ba shi da mataki kwata-kwata. Ido yana ganin taurari huɗu, doka tana ganin abu biyu daban.

Auwal: Mai kibiyoyin kuma ba shi da lambar tsaro, ba ya kwanciya a gicciye, wato a shirin tsaro, ba a kife shi. Duk katin da aikinsa kife dodo ne, irin Book of Moon, ba ya kama shi.

Kawu Isa: Wannan fa, mai rabi lemo rabi kore?

Bilkisu: Na 2014 ne. In ka sauke shi a layin dodanni, dodo ne. In ka ajiye shi a gefen layin baya, ya zama katin dabo, Guguwa ma tana iya rushe shi a can.

Kawu Isa: Jemage kenan, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi.

Auwal: Sai dai shi wurin zamansa ne ke faɗin ko shi wane ne a lokacin. Ni gaskiya, Kawu, a nan nake ganin sun cika kaya. Mutumin da ya bar wasan a 2006 ya dawo yau, zai ga rubutu cunkushe a kati kamar takardar yarjejeniyar haya. Ina son wasan, amma ƙofar shigarsa ta yi tsauri, kuma ina ganin yara suna juyawa tun daga bakin ƙofa.

Bilkisu: Ban ƙi ba. Wasan katin Pokémon ya fi sauƙin shiga. Shi ma gida uku ne, halittun, katunan taimako, da katunan kuzari, kati 60, kuma a zagayen abokin karawarka kusan zama kake ka jira, babu wannan katse-katsen. A cikin katunan taimakon akwai irin da sau ɗaya tak ake jefawa a zagaye, akwai wanda ko nawa kake da shi. Shi kuwa Magic, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira a Amurka a 1993, kuma shi ne ya buɗe wannan hanya gaba ɗaya, yana da irin lodin buhunmu, na ƙarshe ya fara sauka. Da can suna da wani gidan kati na musamman mai katse magana, a 1999 suka rushe gidan suka haɗe shi da na masu saurin martani, don sauƙaƙawa. Wato su ragewa suka yi a wannan wuri.

Kawu Isa: To ga tambayata mai nauyi. A garin nan in aka ce karta, abin da ke zuwa ran iyaye caca ne. Na ga gidajen da ta rusa. Ku gaya mini tsakaninku da Allah, ana sa kuɗi?

Auwal: Mu ba ma sawa, Kawu, kuma babu wurin sa kuɗi a dokar wasan. Shi Magic ma a farkonsa yana da dokar kowa ya ajiye kati ɗaya wanda ya ci ya kwashe, daga baya aka cire ta daga gasa, aka haramta katunan da suka dogara da ita. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai inda ni ma nake taka-tsantsan. Ana sayar da katunan a ƙananan fakiti a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yaga. Mutum yana iya ta saye yana neman kati ɗaya mai tsada.

Kawu Isa: Wannan shi ne sayen kifi a ruwa. Ban yarda da shi ba.

Bilkisu: Ni ma ba na saye, Kawu. Akwai tuli haɗaɗɗe da ake sayarwa wanda an san duk katin da ke ciki tun kafin a biya, ko kuma ka sayi katin da kake so shi kaɗai, ka gani ka taya. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malaminsa, mu ba masu fatawa ba ne. Amma yaro ya ɗauki kuɗin makaranta ya zuba a fakiti, wannan ba sai an je wurin malam ba.

Auwal: Kuma a kula da jabu. Na taɓa sayen kwali guda a kasuwa da murnata, na zo gida na ga rubutun ya karkace, wani tarkon an buga shi da launin dabo, wani babu 'yar alamar nan ta sama. To in alamar ce ke raba igiya da kibiya, kati marar alama rigima kawai zai haifar. Na gaske yana da ɗan murabba'i mai walƙiya a ƙasa ta dama, ruwan zinariya ko azurfa, kuma yawanci da lambobi guda 8 a jere a ƙasa ta hagu, waɗanda za ka iya bincikawa a intanet ka ga ko sun dace da sunan.

Kawu Isa: To hukunci. Auwal, ƙanwarka ta fi ka gaskiya ranar Asabar, kuma ka ɗaga mata murya a gabana.

Auwal: Haka ne, Kawu. Bilkisu, ki yi haƙuri.

Bilkisu: Ya wuce, Yaya. Amma wasan nan ba mu ƙarasa shi ba, ka tattara katunanka ka tashi. Ina da maki 1200, kai kana da 5000 da 'yan kai, filinka babu kowa, kuma zagayena ne.

Auwal: Na yarda, daga nan za mu ɗora.

Kawu Isa: Kafin nan ku ba ni wannan mai kibiya lanƙwasasshiya in ƙara dubawa. Kin ce in an buɗe shi babu mai amsawa sai irinsa. To in ni na buɗe nawa, ke kika buɗe naki a kansa, Auwal ya...

Bilkisu: Mutum biyu ake yi, Kawu, amma ku ci gaba, tambayar tana kan hanya.

Kawu Isa: To ni da ke. Na buɗe tarko, kin soke da na martani, ni kuma ina da wani na martanin a kife. Na soke sokewarki?

Bilkisu: Kun soke. Zobe uku kenan. Naku na ƙarshe ya fara sauka ya kashe nawa, nawa bai yi komai ba, sai tarkonku na farko ya yi aikinsa kamar ba a taɓa shi ba.

Kawu Isa: Auwal, zuba mini shayi, ka matso da tabarmar nan. Masu sauraro, ku gafarce mu, sai wani makon in Allah ya kai mu. Bilkisu, raba mini biyar ɗin nan in gani.